Amsa ga mai tambayar BCD ta nutso a ruwan Sikotland

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, cewa a Bahar Maliya ka koyi nutso, yanzu ka samu gurbin karatu a Aberdeen, kana so ka sayi BCD, wato rigar iskar da mai nutso ke hurawa ko ragewa don daidaita tashinsa da nutsewarsa a ruwa, kafin ka bar Jos, har ka hango wata shafal ta masu yawon buɗe ido da araha a intanet. Riƙe kuɗinka tukuna. Ni ma a ruwan ɗumi na koya, daga baya zama ya kai ni Birtaniya na daɗe ina shiga ruwansu kafin in dawo Abuja, kuma abin da na gani shi ne wannan rigar iskar ita ake saye daga ƙarshe. Abin da ka sa a jikinka da tukunyar iskar shaƙa da ka goya su ne ke faɗa maka girman da kake bukata.

Kada hunturun Jos ya sa ka ɗauka ka san sanyi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki 20 ko sama da haka. Bahar Maliya da wuya ta sauka ƙasa da digiri 21, amma tekun gabashin Sikotland wajen digiri 6 yake a watan Maris, ko a Agusta ma bai cika wuce 14 ba. A irin wannan ruwa, ko dai rigar roba mai kaurin milimita 7, ko busasshiyar riga wadda ruwa ba ya shiga, kuma kusan kowa a can ta biyun yake sawa. Dukansu suna ɗaga mutum sama sosai, shi ya sa dole ka ɗaura darma mai yawa kafin ka nutse.

To ga inda lissafin yake. Robar nan cike take da 'yan ƙananan kumfan iska. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na bakin ruwa, a mita 30 ya zama ninki 4. Kumfan sun matse, rigar ta daina ɗaga ka, darmar kuwa tana nan da nauyinta. Ga kuma iskar cikin tukunya, ita ma nauyi ce. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne), irin wadda aka saba da ita a Birtaniya, iskar cikinta kaɗai ta haura kilo 3. Duk wannan giɓin BCD ce za ta cike shi a farkon nutso, lokacin da ka fi nauyi. Irin wadda ka gani, yawancinsu kilo 8 zuwa 11 suke ɗagawa. Mai tukunya ɗaya a ruwan sanyi yana bukatar 13 zuwa 18. Kuma ka yi tunanin ranar da busasshiyar rigar ta yage ruwa ya cika ta, wa zai riƙe ka in ba BCD ba?

Amma kada ka ce to bari in sayi mafi girma. Jakar iskar BCD da ta yi wa tukunya girma takan naɗe ta ta gefe biyu, iska ta maƙale a lungu ta ƙi fita lokacin da kake son fitar da ita.

Ni dai zaɓina farantin baya na ƙarfe da jakar iskar da masu nutso ke kira fiffike. Farantin ƙarfe yana kai kusan kilo 3, na alminiyom bai fi kilo 1 ba. Kilo 3 ɗin nan an rage maka shi daga ɗamarar darma ke nan, an shimfiɗa shi a gadon bayanka daidai saitin huhu, sai ka ga kana kwanciya sambal a ruwa, ƙafa ba ta rinjaya ƙasa. Ƙirjinka kuma a sake yake, hannu na kai wa bawul ɗin busasshiyar riga ba tare da lalube ba. Mai kama da falmaran, wadda ka koya da ita, tana da daɗin zama a saman ruwa don tana tsayar da mutum, wannan gaskiya ne. Fiffike in ka cika shi tim yakan tura fuska gaba. Maganinsa ka rage iska ka jingina baya. Ita kuwa falmaran in ta cika sai ta matse haƙarƙari, a kan kaya masu kauri abin ba daɗi.

Duk wadda za ka gwada, gwada ta sanye da safar hannu mai milimita 5. Madannin da kake latsawa cikin sauƙi a shago, da yatsun da suka ƙandare wani labari ne daban. Ka tabbata kana iya kamo igiyar fitar da iska ta ƙugu, kana iya zare aljihun darma, kana iya cire tiyon iska da hannu ɗaya in madannin ya maƙale yana ta hura jaka.

Kuskuren da na fi gani wurin sababbi shi ne lodin darma, wai don su nutse da wuri. Darma ta yi yawa, dole iska ta yi yawa a jaka, ita kuwa iska daga mita 10 zuwa sama ninkawa take yi, sai mutum ya tsinci kansa yana tashi ba birki. Gwajin shi ne, da bar 50 a tukunya, jaka ba iska, ka iya tsayawa cak a mita 5 na minti 3. In a ruwan daɗi ka auna, ƙara kilo 2 zuwa 3 don teku. A cikin ruwa kuma, busasshiyar riga ka sa mata iskar da za ta hana ta matse ka kawai, sauran aikin na fiffike ne. Malamai sun saɓa a kan wannan, wasu da rigar kaɗai suke koyarwa, amma iska mai yawa a riga in ta gudu ƙafa, da ƙafa za ka tashi sama. Sai ka yi kwas ɗinta kafin ka shiga teku da ita.

Don Allah kuma kada ka ce za ka gwada komai a kududdufan kuza na wajen Rayfield ko Bukuru. Ba a ganin tafin hannu a ciki, ƙasan laka ce, ga Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, lissafin nutso a nan daban yake.

Ka tafi da tabarau da takardar shaidarka kawai, kada ka biya kuɗin awon kaya a kan ƙarfe. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna da kulob na nutso ƙarƙashin BSAC, ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, suna ara wa ɗalibai kaya, kuma na hannu yana da sauƙin samu a can. Ka ari falmaran, ka ari fiffike, ka ji da jikinka. Na'urar shaƙar ma ka duba an yi ta don ruwan da bai kai digiri 10 ba, don ta ruwan ɗumi takan daskare ta yi ta zubar da iska. Jiragen ruwan yaƙin Jamus da aka nutsar a Scapa Flow, a tsibiran Orkney na arewacin Sikotland, a 1919, waɗanda na san su kake hange, manyan suna kwance a zurfin wajen mita 40, ka bar su sai ka shekara da kayanka.