Amsoshin Tambayoyinku: Rogo a Ƙasa, Ciniki a Sama

Wani manomi daga gefen Ƙonni: Ina da rogo rabin hekta a garka, ya kai wata tara. Wani ɗan kasuwa ya ce zai saye shi duka a tsaye kan jika 150 (sefa 150,000), shi zai kawo masu tona. In karɓa?

Malam, kada ka ce i, kada ka ce a'a, sai ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasarka. Sayar da garka a tsaye ba tare da awo ba cinikin biri a sama ne, kuma mai sayen ya fi ka sanin birin, domin garka nawa ya tone a bana. Wannan ɗabi'a ta fi fari da gara cinye ribar masu rogo, shi ya sa zan daɗe a kanta.

Awon ba shi da wuya. In tazarar mita ɗaya ka bari tsakanin gindi da gindi, rabin hekta na ɗaukar gindi wajen 5,000, amma ba duka ke rayuwa ba, don haka ƙirga layi biyar ka ga nawa suka tsaya. Sannan ka tone gindi goma daga wurare dabam-dabam. Kada ka zaɓi na bakin rijiya ko na gefen hanyar ruwa, waɗannan sun fi saura ƙiba, za su ruɗe ka. Auna abin da ya fito. A ce gindi goman sun ba ka kilo 15, kuma masu rai 4,000 ne: kana da kilo 6,000 ke nan. Jika 150 a kan wannan, dala biyar, wato sefa 25, aka saya maka kowane kilo. Yanzu sai ka buga waya kasuwar Ƙonni da ta Tawa ka ji yadda ake sayar da buhu, ka cire kuɗin tona da na amalanke, ka ga ko tayin ya yi kusa da gaskiya. Wani lokaci yana yi, musamman in ba ka da hannuwan aiki. Amma ka karɓa da sani.

In kuma da buhu za ku yi ciniki, ka kula da buhun. Masu albasa na Galmi sun san labarin buhu mai hula, wanda ake cikawa a ɗora tozo a ɗinke da wani ƙyalle, a kira shi buhu ɗaya. Haka ake yi wa rogo. Ku haɗu ku biyar ko goma ku sayi sikeli na ratayawa mai ɗaukar kilo 100. Kafin ku biya ku gwada shi: bido mai lita 20 cike da ruwa ya kamata ya nuna kilo 20 da ɗan ɗoriyar nauyin bidon. In ya kauce, ku bar wa mai shago kayansa, sikeli na jabu sun cika kasuwa.

Abu uku kuma a faɗe su gaban shaidu. Na farko kafin alƙalami, aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kafin fartanya ta taɓa ƙasa. Na biyu ranar da zai gama kwashewa, in ba haka ba sai ya mai da garkarka rumbunsa, yana tona kaɗan-kaɗan, kai ka rasa lokacin shuka. Na uku itacen rogon naka ne, ba ya cikin ciniki, shi ne irinka na baɗi. Shi kuwa mai cewa “bari in kai in sayar in kawo maka kuɗi”, ka sallame shi da mutunci. In kaya suka lalace a hanya, kai za a ce ka yi haƙuri.

Wata baiwar Allah daga Madawa: Na sa yara sun tone min buhu shida, wanda ya yi alkawari bai zo ba. Yau kwana biyu, na fara ganin baƙin zane a cikin wasu. Hankalina ya tashi.

Sannu Inna, Allah ya mayar da alheri. Kwantar da hankalinki, ba duka kika rasa ba. Rogo haka yake, daga kwana biyu zuwa uku bayan tonawa yake fara wannan zane mai shuɗi-baƙi, kuma daga inda ya ji rauni yake farawa. Yau ɗin nan ki ware. Lafiyayyu ki kai wa masu dafawa a tasha da bakin makaranta, ko da kashi-kashi ne. Sauran a fere, a yanke inda ya yi baƙi a zubar, a yayyanka sirara kamar kaurin yatsa ko ƙasa da haka, a shanya kan leda ko tabarma, ba kan ƙasa ba, ana juyawa. Da ranarmu ta nan kwana biyu zuwa uku ya isa. In kin karya kin ji ya yi ƙas, ya bushe. Kilo uku na ɗanye na ba da kusan kilo ɗaya, yana ajiyuwa watanni, a daka a yi tuwo ko a sayar wa masu kiwo. Nan gaba ki tone abin da aka biya kawai. In dole ya jira, a binne marasa rauni a rami cikin inuwa, jeri-jeri da yashi mai ɗan danshi tsakaninsu.

Wani matashi daga Tawa: Na ga farashin rogo a Yamai a WhatsApp, ya ninka namu. Zan ɗauki mota in kai kasuwar Katako ta Yamai.

Wa ka sani a Katako? Tafiyar ta haura kilomita 500, ga kuɗin mota, lodi da saukewa, la'adar dillali da kwananka, ga kuma rogon Balleyara da na Gaya da ke riga naka isa da ɗanyensa. Farashin da ka gani na mai kasa kaya ne, ba na mai kawowa ba. In ba ka da mai karɓa da kuka yanke kuɗi tun kafin lodi, tsaya kasuwar Lahadi ta nan gida.

Wani ya tambaya: Akwai maganin da zan fesa wa rogo ya yi sati bai lalace ba?

Babu. Kada ka kuskura ka zuba maganin ƙwari kan abin da yara ke ci ɗanye. Kada ma ka wanke shi don ya yi kyau, ka bar shi da ƙasarsa.

Ƙungiyar mata daga yankin Illela: Mun tara kuɗi, muna son injin gurza rogo mu riƙa yin gari.

Madalla da haɗin kai, amma ku riƙe kuɗinku tukuna. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo ke ba da kilo ɗaya na gari, ga itacen suya, kuma garin Najeriya da na Benin na nan cike da kasuwa. In rogon saye za ku yi da tsadar na dafawa, asara za ku yi. Ku fara gwada buhu biyu da magurji na hannu: a gurza, a zuba a buhu a danne da nauyi kwana biyu zuwa uku ya tsane ya yi ɗan tsami, a tankaɗe, a soya har ya bushe sarai. Ruwan da ke tsiyayewa na da guba, musamman na rogo mai ɗaci, ku haƙa masa rami nesa da awaki da yara. Ku kai wa masu shago uku ko huɗu su ɗanɗana, ku ji nawa za su sayi tiya.

In lissafi ya fita, sannan injin. Inda rogo ke taɓawa ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa. Wasu maƙera na shafa wa baƙin ƙarfe fenti mai ruwan azurfa, bayan wata biyu gari ya fara fitowa da ja. Ku kankare wani lungu da wuƙa, ku kuma ɗora maganaɗisu: in ya manne da ƙarfi, ku yi shakka. A tada injin a gurza rogo gabanku, kuma ku tabbata bel da haƙoran gurzar ana samun su a Ƙonni ko Tawa kafin ku ba da ko dala.