Yadda za ku riƙe ƙungiyar unguwa a lokacin kulle (shawarar da aka bayar lokacin kullen korona na 2020)

Malam sakatare, ka ce tun da aka sa dokar kulle a Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, taron ƙungiyar ci gaban unguwarku ya tsaya, ba mai biyan kuɗin wata, kana tsoron ta watse.

Ka ajiye maganar yin taro ta Zoom, manhajar taron bidiyo, tukuna. Tana cin data, ta kyauta kuma tana yankewa bayan minti 40. Ku buɗe zaure a WhatsApp, ku sa masa doka: gajeren saƙon murya ya fi dogon rubutu, kuma ban da tura jita-jitar maganin korona. Ku tsayar da lokaci guda, misali Lahadi bayan la'asar, shugaba ya yi bayani, ma'aji ya ɗauki hoton littafin kuɗi ya saka kowa ya gani.

Dattawan da ke riƙe da ƙaramar waya fa? Nan aikin yake. Ku raba sunayensu, kowane ɗan kwamiti ya ɗauki mutum biyar yana kiransu duk mako, ko da gaisuwa ce kawai, ya karanta musu abin da aka yanke, ya dawo da ra'ayinsu.

Kuɗin wata kuwa, a ganina ku sassauta. Wanda aka rufe masa shago a Kantin Kwari me zai bayar? Mai hali ya tura ta waya. Abin da ya taru a sayi gero da sabulu, ranar da aka sassauta kulle mutum biyu su sa takunkumi, su ajiye a ƙofar gidajen marayu da 'yan aikin yini.