Allurar mai ciwon hanta nau'in C ta soke ni, yaushe zan yi gwaji?

'Yar'uwa, kin ce allurar da kika ɗebi jinin majinyaci mai ciwon hanta nau'in C ta soke ki a yatsa, kina tambaya ko kin kamu, da kuma lokacin yin gwaji. Ki kwantar da hankalinki, haɗarin ƙarami ne. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na shekarar 2020 ya nuna kusan mutum 2 ne ke kamuwa a cikin 1,000 da irin wannan allura ta soka. Amma gwaji dole ne. Ki ba da jini cikin awa 48 don a san matsayinki tun farko. Tsakanin mako 3 zuwa 6 sai ki yi gwajin RNA, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta. Na ƙarshe kuma a wata na 4 zuwa na 6.

Abin da na sha gani a wurin aiki shi ne mutum ya yi gwajin farko, ya ga babu komai, ya ce ai shi ke nan. Wannan kuskure ne babba, domin a kwanakin farko jiki bai fara nuna alamar cutar a jini ba, kuma yawanci ba a jin ciwon komai. Nau'in C ba shi da rigakafi, babu kuma maganin da ake sha nan take don tare shi, amma in an gano shi, ƙwayoyin da ake sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Don Allah yau ɗin nan ki sanar da shugabar sashenku, a duba majinyacin har da HIV da ciwon hanta nau'in B, saboda maganin kariya daga HIV ba ya jiran fiye da awa 72.