Amsa ga mai shirin shiga jirgi da yara biyu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki: za ki tashi daga nan Damagaram zuwa Yamai, daga can ki wuce Jidda wurin maigidanki, da jaririya ƴar wata 8 da yayanta ɗan shekara 4, kuma fargabarki kada su yi ta kuka su dami jama'a ki sha kunya. Na sha yin irin wannan tafiya da nawa, tun babbansu yana goye, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Kukan jaririyar kada ya hana ki barci. Yawancin waɗanda za ki zauna da su iyaye ne, sun san jariri ba ya kuka don ganin dama. Abin da ke ƙona wa fasinja rai shi ne yaro yana damunsa, uwar ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. In suka ga kina jijjigawa kina rarrashi, uzuri za su yi miki, wata ma ta miƙo hannu ta karɓar miki.

Mafi yawan kukan nan kunne ne. In jirgi ya lula, iskar cikinsa daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1800 zuwa 2400. Da ya fara gangarowa sai nauyin iskar ya dawo yana danna kunne ciki. Akwai ƴar siririyar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro, haɗiya da hamma ke buɗe ta, ta yara kuwa ƙarama ce, ba ta buɗuwa da sauƙi. To dabarar ita ce ki ja lokacin shan nono. Kada ki ƙosar da ita ana saura awa ɗaya, ki bari sai kin ji jirgin ya soma sauka, kamar minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, sannan ki rufa hijabinki ki ba ta. In barci take ki tashe ta, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Yayan kuma ki ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan. In ɗayansu na mura ko ciwon kunne, ku ga likita kafin ranar tafiya.

Za ki ji masu cewa ki ɗura musu siro mai sa barci. Don girman Allah kada ki yi. Irin su Phenergan an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi, wani yaron ma maimakon barci zabura yake yi.

Ni ɗan shekara 4 ɗin nan na fi so ki sa wa ido. Wata tafiya zuwa Yamai, hankalina duk yana kan ƙanwarsa, ashe ɗana tun tashinmu yake dukan bayan kujerar gabansa da takalmi. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa, lilo take, shi wasa yake. Wani dattijo ne a kujerar, da carbi a hannu, kusan awa 2 bai juyo ba. Sai da muka sauka ya dafa kan yaron ya sa masa albarka, sannan cikin sanyin murya ya shaida mini yana fama da ciwon baya, asibiti ma za shi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar, da mun zauna nake cire masa takalmi, in ajiye shi wajen taga, in nuna masa cewa bayan kujerar nan bayan mutum ne. Haka teburin cin abinci da yara ke son buɗewa suna rufewa, a jikin na gaba yake ƙarewa. In za ki ba shi waya ya yi kallo, ki sa masa abin kunne ko ki kashe sautin, ba kowa ne ya biya kuɗi don sauraron wasan yara ba.

Canjin kush, wato ƙunzugun jariri, a banɗaki kawai. Galibi akwai katako da ake saukewa saman masai don wannan aiki. Na taɓa ganin wadda ta canza a kan kujera ana tsakiyar raba abinci, wallahi layin gaba ɗaya suka ajiye cokali. Ki ƙulle wanda ya ɓaci a leda ki jefa a kwandon shara na banɗakin. Ki sa kaya na canji a jakar hannu, nasu da naki. Abin taɓawa kuma biskit da dabino sun wadatar, alkakinmu ki bar shi a akwati, zumarsa na manne wa kujera da rigar maƙwabci.

Wajen sayen tikiti ki faɗa musu shekarun yaran. Wanda bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, a tafiyar waje galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, yayan kuwa kujerarsa daban. In ta Adis Ababa za ki bi, zaman ya haura awa 5, ki roƙi kujerar gaba mai ɗan gadon jarirai tun da wuri. In kujerunku suka rabu, kada ki zauna a ta wani ki jira ya zo, ki gaya wa ma'aikaciyar jirgi ita ta roƙar miki. Ba za a bar ki da goyo a baya lokacin tashi da sauka ba, kwance ta za ki yi a ba ki ƴar ɗamarar da ake haɗawa da taki. Madara da abincin jariri ana barin su wucewa wajen bincike ko sun fi mililita 100, ki dai fito da su a gani.

Da jirgi ya tsaya kowa zai miƙe ana turereniya. Ki yi zamanki har hanya ta buɗe, ki goya ta da kyau ki ɗaure majanyi, ki leƙa ƙarƙashin kujera ki tsince abin da suka zubar, sannan ki kama hannun yayan ku fito. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe da maigidan.