Wa ke tsokano yaƙi, kuma yaushe tawaye ke da hujja?

Tambaya: Salamu alaikum, Baba Malam. Gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu ta unguwar Zariya, har shayi ya huce a barada. Wani abokina ya ce duk wanda ya fara harbi shi ne mai laifin yaƙi, kuma tawaye ba shi da hujja ko kaɗan. Ni kuma na ce ai Maradin nan da tawaye aka kafa ta. Wa ke da gaskiya?
Mai kabu-kabu, Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kan tarihi ba ka yi ƙarya ba. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya gudo arewa. Wajen 1819 mutanen ƙasar nan suka tayar wa wakilin Fulani, Ɗan Kasawa, ɗan gidan sarautar Katsina, ya zauna Maradi, shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. A Gawakuke, 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maradi. Duk da haka ba a aje kwari da baka ba, zamanin sarkinmu Ɗan Baskore hari har kusa da ganuwar Katsina ake kai shi. Kakanninmu gidan ubansu suke nema, kuma ban ga laifin wannan ba. Sai dai wa ya biya kuɗin? Manoman da ke tsakani. An ƙone rumbuna, an kama mata da yara bayi, daga nan da can duka, garuruwa suka koma daji. Maroƙa ba su saka wannan cikin kirari.

Abokinka kuwa, ka tambaye shi daga ina zai fara ƙidaya. Ojukwu, gwamnan soja na Gabashin Najeriya, ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, sojan tarayya suka buɗe wuta a Yuli. To amma kafin nan akwai juyin mulkin Janairu 1966 da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, akwai na ramuwa a Yuli, akwai kisan Ibo a biranen Arewa, akwai zaman sulhu na Aburi a Ghana da kowa ya koma gida da tasa fassarar. Kowane ɓangare daga ranar da aka cuce shi yake fara labari. Kafin a tsaya a Janairu 1970, yunwa ta kashe yara ba adadi.

Mu dawo gida. Abin da ya faru a Cintabaraden cikin Mayu 1990, inda farar hula suka mutu a hannun soja, shi ya hura wutar tawayen Abzinawa. Kukansu na gaskiya ne. Amma abin da aka samu, shigar da mayaƙa aikin soja da alƙawarin bai wa jihohi iko, a teburi aka sa masa hannu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara. Da ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta ɗauki bindiga a 2007, nakiya ta tashi da mota cikin garin Maradin nan a watan Disamba. Gwamnati ta zarge su, suka musanta. Wanda ya mutu dai ba shi da hannu a rabon arzikin yuraniyom da ake faɗa a kai.

Ni a ganina, ɗana, jama'a na da hujjar tashi idan ana kashe su don asalinsu ko addininsu, kuma an toshe kotu, an toshe akwatin zaɓe, an ƙi zama. Ko a nan ma, ranar da mai tawaye ya tare hanya ya ƙwace wa talaka awaki, na zare hannuna daga gare shi. Hukuncin shari'a kuwa na malaman fiƙihu ne, amma abokinka ya tuna Shehu Usmanu da kansa ya yaƙi Sarkin Gobir Yunfa a 1804.

Ɓallewa ita na fi tsoro. Sudan ta Kudu ta samu ƙasarta a Yuli 2011 da ƙuri'ar kusan kowa, zuwa Disamba 2013 shugaban ƙasa Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar sun juya wa juna bindiga.