Me ya sa narkakken alminiyam ke tartsatsi idan an zuba shi a ƙasar zubi?

Ka ce jiya da ka juye narkakken alminiyam a akwatin zubi ya yi ta tofar da tartsatsi, da aka fasa ƙasar kuma gindin tukunyar da ka zuba ya fito da ƙananan ramuka. To, saurara da kyau, yaro, domin wannan maganar ta shafi idonka da fatarka.

Laifin ruwa ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Celsius, shi kuwa alminiyam sai a digiri 660 yake narkewa, muna kuma zuba shi a wajen 700 zuwa 750. Da zarar ya taɓa danshi, ruwan nan take ya koma tururi, kuma tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. In bai samu hanya ta cikin ƙasa ba, ta cikin ƙarfen zai bi. Ramukan da ka gani hanyarsa ce.

Don haka kafin ka cika akwati, dunƙula ƙasar a hannu. Ta riƙe siffar yatsunka, in ka karya ta ta rabu biyu ba tare da ta wargaje ba, tafinka kuma ya fito ba laima. In ta manne maka, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshiya ka sake cuɗawa. Kada ka daddanne ta a akwatin har ta toshe, sannan ka soka 'yan ƙofofi da siririyar waya inda tururi zai fita. Ludayin kwasa da duk guntun da za ka jefa a wuta, ɗora su a bakin murhu su bushe tukuna. Gwangwanin lemo mai ragowar ruwa a ciki, in ya nutse a narkakke, fashewa yake yi. Kada kuma ka yi zubi a kan daɓen siminti, shi ma yana riƙe ruwa.

Wani abu game da wutar: muddin akwai guntun da bai narke ba, zafin da gawayi ke bayarwa yana tafiya ne wajen narkar da shi, ma'aunin zafin na nan kusa da 660. Da guntun ƙarshe ya ɓace, zafin zai fara hawa da sauri. Nan ne za ka sassauta zuga-zugi, ka kwashe dattin sama, ka zuba. In ka bar narkakken yana ƙuna, yakan shanye iskar haidirojin daga danshi, ya sake ta lokacin daskarewa, ramuka su dawo ko da ƙasarka lafiya lau take.

Alminiyam kuma yana tsukewa in yana daskarewa, saboda haka zuba a karo ɗaya har bakin zubin ya cika ya tsaya. Dalmar batir kuwa kada ta shiga narkakken da za ka zuba tukunyar da za a dafa wa mutane abinci, guba ce.