Sharar baƙi a ƙauyukan gefen Yankari

Malam, ka tambaya yadda ƙauyenku na kusa da Yankari zai yi da sharar da masu yawon buɗe ido ke bari. Ku fara da rabewa. Ragowar abinci da ɓawon kayan marmari su tafi rami, su zama takin gona. Robar ruwa da gwangwani kuɗi ne, 'yan bola jari na saye da kilo.

Ledar ruwa ce matsalar. Shanu da awaki na haɗiye ta, ta cushe musu tumbi, ƙona ta kuma hayaƙin guba ne. Ku tara a buhu, motar da ta kawo kaya ta koma da ita Bauchi.

Kwandon shara kuwa sai mai murfi da sakata, don gwaggon birin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, ya iya buɗe murfi.